Garin leda ba ya ɗinke laka

Ranar kasuwa a karkarar Sarkin Yamma, ko a bakin tasha cikin Maraɗi, ba wuya ka ci karo da mai ƙaramar kwamfuta a kan tebur. Ya miƙo maka ɗan ƙarfe ka damƙe na minti guda, sai ya ce zuciyarka ta kumbura, ƙodarka ta gaji. Maganin ma yana cikin jakarsa, wani gari a ƴar leda da suke kira sitem sel. Yanzu tallar ta hau WhatsApp, har ana rantsuwa garin ya tayar da wanda kabu-kabu ya kayar, ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa.

Ƙaryar tana shiga kunne ne domin ta raɓi gaskiya. Na'urar karanta zuciya tana nan tun 1903, lokacin da Willem Einthoven na ƙasar Holan ya zana wutar da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Yau wayoyi 10 ake manna wa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. A 2019 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka koya wa kwamfuta karatun wannan zane da awo sama da 91,000, ta iya bambance salon bugu 12 kamar yadda likitan zuciya ke yi.

Wanda ya fi shafarmu shi ne gwajin da aka bayyana a 2024, a asibitoci 6 na Najeriya, ciki har da Kano da Dutse. Mata masu ciki da masu jego kimanin 1,200 aka duba, kuma abin sauraren ƙirji mai haɗe da kwamfuta ya gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda aka saba ganowa. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suna zargin kunun kanwa da ruwan zafin jego, daga baya aka ga ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu shi a Yamai. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya hana ta kwanciya, ita ce na'urar za ta iya ceta. Sai dai na'urar zargi take yi, hoton zuciya ne ke tabbatarwa. Ƙoda kuwa babu ruwanta da ita.

Maganar laka ce take ci mini rai. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye mai ɗori ya ɗora. Laka ba haka take ba. Damin zare ne miliyoyi, kowane zare da inda ya nufa. Ka ɗauka an datse saƙa da almakashi, aka ce ka mayar da kowane zare ga ɗan'uwansa, cikin duhu. Ko gada ta karye a kan Gulbin Maraɗi da damina, kai kuma ka tsaya can nesa kana watsa siminti cikin ruwa, kana jira gada ta miƙe da kanta. Ga tabon da ke toshe wurin, kamar ƙaya da aka shinge hanya da ita, ko zaren ya so tsirowa ba ya samun wucewa. To garin ledar fa? Akasarinsa daga tsiro ake yin sa, tuffa da inabi. Ƙwayar tuffa ba ta zama jijiyar mutum, kamar yadda irin gero ba ya haifar da ɗan akuya.

Masu binciken gaske sun fi ƴan tallar kunya. Kamfanin Geron na Amurka ya fara gwajin sitem sel a kan masu raunin laka a 2010, ya dakatar a 2011. A jami'ar Keio ta Japan, tawagar Hideyuki Okano ta yi tiyata ta dasa ƙwayoyin sitem sel kimanin miliyan 2 a daidai wurin raunin, cikin makonni huɗu da hatsari. Mutum huɗu kacal. A Maris 2025 suka ce biyu sun samu ci gaba, ɗaya har yana iya tsayuwa, sauran biyun kuwa ba wani canji na a zo a gani.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan arha. Laka da yawa ba a kan titi take ƙarasa tsinkewa ba, a hannun masu taimako ne: a ciccibi mutum, wuya na lilo, a naɗe shi tsakanin mutum biyu a kan babur zuwa Maraɗi. Ƙyauren ƙofa ya isa. A kwantar da mutumin a kai a miƙe, mutum ɗaya ya riƙe kan kada ya juya, a ɗaure shi da zane. Mahukunta da ke iya aika ma'aikaci ya karɓi kuɗin rumfa a hannun mai kwamfutar nan duk mako, ba su taɓa tambayarsa takardar aikin likita ba.