SANI MAGORI: Ɗan Galmi da ya mai da albasa fim har duniya ta kalla

IDAN aka ce fim ɗin Hausa, abin da ke faɗo wa yawancin 'yan kallo a rai shi ne Kano ko Kaduna ko Jos: saurayi da budurwa, waƙa da rawa, sai attajirin uba da ya ce atafau ba zai ba talaka 'yar sa ba. To amma a tsallaken iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai wani darakta da finafinan sa su ka zaga manyan bukukuwan fim na Afrika da Turai, Hausa tsantsa ake yi a cikin su, kuma bai taɓa ɗaukar jarumi ko jaruma ba. Sunan sa Sani Elhadj Magori.

Irin fim ɗin da ya ke yi shi ake kira dokumantari, wato fim ɗin gaskiya. Babu mai haddace magana, babu mai shigar wasa. Mutanen da ka gani, rayuwar su ce su ke yi, kyamara na biye da su.

An haifi Sani a 1971 a Galmi, cikin jihar Tawa, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi. Duk ɗan kasuwar gwari ya san sunan garin, domin jar albasar Galmi ta yi suna tun daga Yamai har Accra da Abidjan. Da farko ma ba fim ya karanta ba. Ilimin aikin gona ya je ya yi a Aljeriya, daga baya ya taɓa aikin jarida. Sai da ya doshi shekara arba'in sannan ya tafi Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis ta ƙasar Senegal, inda ya yi digiri na biyu a kan shirya dokumantari. A can ya yi wani gajeren fim a 2008 mai suna 'Notre pain capital', a kan burodi da yadda ake hada-hadar sa a jami'ar.

AURE SAI AN CIRE ALBASA

Da ya tashi yin babban fim ɗin sa na farko, gida ya koma. Fim ɗin, mai tsawon minti 52, ya fito a 2008 da suna 'Pour le meilleur et pour l'oignon'. Sunan wasa ne da kalmomin alƙawarin da ma'aurata ke ɗauka a Faransanci, cewa za su zauna tare a daɗi da wuya. Shi kuma ya cire wuyar ya sa albasa a gurbin ta.

Labarin wani manomi ne a Galmi da aka sa wa 'yar sa rana, shekara biyu ana jira, biki ya ƙi yiwuwa don babu hali. Dangin miji sun matsa, gari ya ɗauki gulma. Sai uban ya yanke magana: za a yi biki idan an cire albasa. Daga nan fa ido ya koma gona. Shukar za ta yi kyau? In ta yi, nawa buhu zai kai? Matsalar manomin albasa ita ce kowa lokaci guda ya ke cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, kuma mai bukatar kuɗin biki ba shi da ƙarfin ajiyewa har ta yi tsada. A bayanin da ya raka fim ɗin an ce tan 400,000 na wannan albasa ake nomawa a shekara, amma ga mai noman ta ya kasa kai 'yar sa ɗaki.

Ka ga ke nan duk abin da ake nema a fim ɗin soyayya akwai shi: masoya, cikas, surukai, fargaba. Kuma karatun gonar da Sani ya yi bai tafi a banza ba, don ya san inda zai kafa kyamara da lokacin da zai jira. A 2009, a bikin gasar AMAA da aka yi a Yenagoa ta Jihar Bayelsa, fim ɗin ya samu kambin dokumantari mafi kyau.

ZABIYA A HANYAR ABIDJAN

Fim na biyu ya fi na farko taɓa zuciya, domin a kan gidan su ya yi shi. Mahaifin Sani na cikin dubban 'yan Nijar da su ka tafi ci-rani Abidjan, shekaru su ka yi ta wucewa ba su dawo ba. Daga cikin abin da ke tunzura samarin wancan zamani su bar gida har da waƙoƙin wata zabiya mai suna Husai, wadda ke kambama wanda ya fita nema, ta kuma muzanta mai zaman kashe wando.

Sani ya je ya samu zabiyar, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta abu guda: muryar da ta kori maza daga gida, ta zo ta kira su su dawo. Haka su ka kama doguwar hanya har Abidjan, kyamara na ɗauka. Ya sa wa fim ɗin, wanda ya fito a 2010, suna 'Koukan Kourcia'. Bahaushe dai ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Yadda ta kaya tsakanin tsohuwar da mahaifin sa kuwa, sai ka nemi fim ɗin ka gane wa idon ka.

Wani abin sha'awa shi ne, wannan hanya ta Abidjan daɗaɗɗiya ce a tarihin fim ɗin Nijar. A can ne Bafaranshen nan Jean Rouch ya haɗu da Oumarou Ganda ya na aikin dako, ya sa shi a fim ɗin 'Moi, un noir' na 1958. Gandan ne daga baya ya zama darakta, ya ci babban kambin FESPACO na farko a Wagadugu a 1972.

DAGA DARAKTA ZUWA FURODUSA

A nan ne ya kamata matashi mai sha'awar harkar ya buɗe kunne. Dokumantari ba ya da kasuwa irin wadda fim ɗin Hausa ya samu a Ƙofar Wambai da Bata a zamanin kaset da sidi, inda dila zai saya ya watsa. Kuɗin sa na fitowa ne daga gidajen talbijin, da asusun tallafi, da haɗin gwiwa da kamfanonin waje. Shirin Africadoc, wanda Sani ya fito ta cikin sa, a wancan lokacin ya kan tara matasa su zauna su rubuta labarin su, sannan a haɗa su da furodusoshi da masu talbijin a Saint-Louis su tallata shi. Sai dai masu kuɗin da kamfani su ke sa hannu, kuma kamfanin da ya sa hannu shi ke da haƙƙin mallakar fim. In babu kamfani a gida, labarin na ka ne amma riba da iko na wani ne.

Wannan giɓi ne Sani ya cike da ya kafa kamfanin sa, Maggia Images, mai sunan kwarin Maggiya na yankin su. Ya daina tsayawa kan finafinan sa kaɗai, ya shiga ɗaukar nauyin na 'yan baya.

Babbar shaida ita ce Aicha Macky, 'yar Damagaram, wadda ita ma ta yi karatu a Saint-Louis. Maggia Images na cikin kamfanonin da su ka shirya fim ɗin ta 'L'arbre sans fruit', wato bishiyar da ba ta 'ya'ya, a kan halin da matan da ba su samu haihuwa ba ke shiga a gidan aure. A 2016, a Fatakwal, shi ma ya ɗauki kambin dokumantari na AMAA, shekara bakwai bayan na albasa. Aicha ta buɗe na ta kamfanin, kuma a 2021 ta fito da 'Zinder', a kan samarin unguwar Kara-Kara ta garin su.

Yau kusan kowane saurayi na da kyamara a aljihu, cikin wayar sa. Abin da ya rage shi ne irin idon Sani Magori, da haƙurin zama da mutane wata da watanni har su manta ana ɗaukar su. Masu rini a Ƙofar Mata, 'yan dako a Dawanau, masunta a Yawuri, kowanne na da labarin da ba a riga an ɗauka ba. Wanda ya fara, ya tuna ya yi wa kamfanin sa rajista tun kafin fim ɗin ya yi suna.