Dokin gida a ƙasar Katagum: Gadon da ba shi da littafin asali

A watan Janairun 1824 wasu Turawa biyu, Hugh Clapperton da Walter Oudney, suka sauka a birnin Katagum kan hanyarsu daga Barno zuwa Kano. Oudney bai kai Kano ba, domin ajali ya riske shi a Murmur bayan 'yan kwanaki. Clapperton kuwa ya rubuta cewa Sarkin Katagum na iya fitar da mahaya kimanin 4,000 da dakaru 20,000 idan yaƙi ya taso. Ko da an rage wani abu daga wannan lissafi, kamar yadda ya kamata a yi wa lissafin baƙo, abin da ya saura ya isa ya nuna matsayin doki a wannan ƙasa.

Ba abin mamaki ba ne. Masarautar da Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tana bakin iyakar daular Sakkwato da Barno, kuma mai tsaron iyaka ba ya rabuwa da sirdi. Ƙasar ma ta dace da kiwo: ga fadamun kogin Jama'are, ga gero da dawa da harawa, ga kanwa tana shigowa daga gabas, sannan ƙudan tsando mai kawo sammore bai yi mata katutu kamar yadda ya yi wa ƙasashen kudu ba. Sarautu irin su Madaki da Shamaki da Barde duk daga bargar doki da fagen fama suka samo asali.

To, wane irin doki ne wannan? Masana dabbobi suna raba dawakin Afirka ta Yamma gida uku. Akwai jinin dawakin Arewacin Afirka da suka ƙetaro Sahara tare da fatake, gajeru masu ƙarfin ƙashi da jure ƙishirwa. Akwai jinin Dongola daga kwarin kogin Nilu a Sudan, masu tsawon ƙafa da gantsararren karan hanci, sau da yawa da fari a goshi da ƙafafu. Daga cikinsu ne dokin Barno ya yi suna. Na uku shi ne kuru, ɗan ƙaramin dokin da ake ganin ya riga sauran zama a yankin, wanda Birom da maƙwabtansu a tsaunukan Filato suka riƙa hawa ba sirdi. Dokin da ake gani a turke a Azare ko Gamawa yawanci gaurayen na farko da na biyu ne, wanda zafin rana da ƙarancin ciyawar bazara suka tace shi tsawon ƙarnoni. Robin Law, a littafinsa na tarihin doki a Afirka ta Yamma da ya fito a 1980, ya nuna yadda shigowar manyan dawaki da sirdi da likkafa ta sauya salon yaƙi da na mulki a wannan sashe.

Bahaushe ya san dokinsa sani na ƙwarai, harshensa ma shaida ne. Akawal, kili, bidi, hurde, gunya, danda, aharas, kowane launi da sunansa, kuma dillali na iya duba haƙori da kofato ya faɗi shekaru da halin dabba. Abin da babu shi ne rubutu. Asalin doki a baki ake riƙe shi, a ce uwarsa goɗiyar wane ce, ubansa ingarman gidan wane. Ranar da dattijon da ya san wannan salsala ya kwanta dama, ta bi shi.

Bayan zuwan Turawa a 1903 yaƙi ya ƙare, aka kuma mayar da fadar masarautar zuwa Azare a 1916. Doki ya koma abin hawan hakimai da masu unguwanni da attajirai, har mota da babur suka karɓe wannan aikin ma. Yau hawan Sallah ne babban abin da ke riƙe da shi. Idan Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruq na Biyu, wanda ya gaji mahaifinsa a ƙarshen 2017, ya hau, hakimai kan zo da tawagarsu, a yi ado, a yi jafi. Sai kuma sukuwa da kilisar samari da hawan angwanci.

A nan ne wata matsala take ɓoye. Masu hawa ingarma suke so, ba goɗiya ba, don haka bargar birni ba ta haihuwa. Goɗiyoyi suna hannun manoma da makiyaya a karkara, waɗanda burtali da makiyaya ke ƙara ƙuntata a kansu, kuma buhun gero ko dusa ya yi tsadar da mai iyali zai yi tunani biyu kafin ya zuba wa dabbar da ba ta noma. Dawaki da yawa da ake hawa a biranen Arewa daga Nijar da Chadi ake shigo da su, ta kasuwannin iyaka irin ta Maigatari. Mai kuɗi kuma idonsa na kan ɗan Sudan saboda tsayi da gudu, ko dokin Ajantina idan ɗan wasan folo ne. Barbara da baƙon jini ba laifi ba ce, ai ta haka dokin Barno kansa ya samu. Illar ita ce a yi ta ba tare da an ware wani garke na tsantsar jinin gida ba. Ga kuma manyan motoci da ke kwasar tsofaffi da raunanan dawaki zuwa kudu, irin su kasuwar Obollo-Afor a Jihar Inugu, inda ake yanka su. Murar dawaki da ta ɓarke a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta hallaka jakuna da dawaki masu yawa a Arewacin Najeriya da Nijar. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 1990 ta ƙiyasta dawakin Najeriya a kan 200,000 da 'yan kai.

Akwai darasi daga Ingila. A tuddan Exmoor akwai wasu ƙananan dawaki da ke yawo a sake kamar na daji, alhali kowanne da mai shi cikin manoman da ke da haƙƙin kiwo a filin. An kafa ƙungiyar masu su a 1921, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu kusan 50 kacal suka rage. Abin da ya cece su ba wata dabara mai tsada ba ce. Kowace kaka akan tattaro garken, a duba 'ya'yan da aka haifa, a yi musu shaida, a rubuta uwa da uba.

Katagum tana da abin da Exmoor ba ta da shi, wato fada mai hakimai da dagatai da suka san kowane turke a ƙasarsu. Shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da UNESCO ta yi a Disambar 2024 ya ɗaga darajar hawa, kuma tun Yulin shekarar akwai Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Sai dai ado da kayan doki aka fi kallo, ba jinin da ke ƙarƙashin jalala ba. Littafi ɗaya a ofishin Shamaki, da likitan dabbobi da zai zagaya gundumomi bayan girbi ya rubuta goɗiyoyi da duƙushinsu, ba zai ci kuɗin ingarma guda daga Sudan ba.