Wasan da Agogo Ba Ya Tashinsa: Dalilan Gajarta Tanis da Abin da Suka Haifar

Duk wanda ya tashi a Omdurman, garin Al-Hilal da Al-Merrikh, ya saba da wasan da agogo ke mulki. Minti 90 ne da ɗan ƙari, alƙali ya busa usur, kowa ya kama gabansa. Ƙungiyar da ke gaba tana iya jan ƙafa har lokaci ya cika. A tanis babu wannan mafaka. Maki ne ke tashin wasa, kuma wanda ke gaba dole ya ci makin ƙarshe da hannunsa. Nan daɗin wasan yake, nan kuma ciwon kan masu shirya shi yake, shi ya sa suka shafe fiye da shekara 50 suna rage masa tsawo.

Lissafin hawa uku ne. Ana ƙirga maki 15, 30, 40, sannan a samu ci ɗaya. Ci 6 ke yin turmi, in muka ari kalmar 'yan dambe, amma da sharaɗin a ba abokin karawa ratar 2. Mata, da maza a yawancin gasanni, suna neman turmi 2 cikin 3. A manyan gasanni huɗu kuwa, na Australiya da Faransa da Wimbledon da Amurka, maza na neman 3 cikin 5. Sharaɗin ratar 2 ɗin nan shi ne ƙofar da wasa ke bi ya ƙi ƙarewa.

A Wimbledon ta 1969, Pancho Gonzales, yana da shekara 41, ya yi ci 112 jimilla da Charlie Pasarell kafin ya yi nasara. Turminsu na farko kaɗai ya tashi 24 da 22. Shekara ɗaya bayan haka gasar Amurka ta karɓi dabarar James Van Alen ta raba gardama: in an yi kunnen doki a turmi, sai a buga gajeren zagaye na 'yan maki a yanke hukunci. Sauran gasannin sun bi sahu a hankali, amma uku daga cikinsu sun daɗe suna barin turmin ƙarshe a sake.

Dalilin farko na sauyin shi ne jikin ɗan Adam. A 2010 John Isner da Nicolas Mahut suka kwashe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku a Wimbledon, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68. Duniya ta yi ta tafi, amma washegari Isner ya shiga fili ba ƙarfi a jikinsa, aka fitar da shi cikin minti 74. A 2018 abin ya maimaita kansa a matakin kusa da ƙarshe: Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya doke Isner 26 da 24 bayan awa 6 da minti 36, ya isa wasan ƙarshe a gajiye, Novak Djokovic ya cinye shi turmi 3 a jere. Dogayen 'yan wasa masu raket na zamani suna buɗe wasa da bugun da ba ya taruwa, musamman a kan ciyawa, don haka kowa yana riƙe nasa cin, ratar 2 ta gagara.

Dalili na biyu kuɗi ne. Gidajen talabijin ne ke biyan kaso mai tsoka, kuma suna son sanin lokacin farawa da na tashi. Wasan Anderson ya tura ƙarashen na Djokovic da Rafael Nadal zuwa washegari, abin da ya jinkirta wasan ƙarshe na mata. Na uku kuma shi ne tsoron rasa matasa, waɗanda waya ta saba musu da gajeren kallo.

Sakamakon ya zo daki-daki. A 2019 Wimbledon ta sa raba gardama a 12 da 12, kuma a shekarar ce Djokovic ya doke Roger Federer ta wannan hanya a wasan ƙarshe. A 2022 manyan gasannin huɗu suka haɗa kai: in turmin ƙarshe ya kai 6 da 6, a buga raba gardama na maki 10. Wannan gyara ya yi kyau. Shaida ita ce wasan ƙarshe na Faransa a 2025, inda Carlos Alcaraz ya tsallake makin da zai ba Jannik Sinner kofi har sau uku, ya dawo daga turmi 2 a baya, ya yi nasara bayan awa 5 da minti 29. An datse jelar wasan, amma zuciyarsa tana nan.

Sai dai wuƙar ba ta tsaya a jela ba. Tun 2006 wasan maza na bibbiyu ya rasa turminsa na uku a gasannin ƙwararru na ATP, aka maye shi da maki 10. Gasar matasa da aka fara a Milan a 2017, wadda ta koma Jidda a 2023, tana tsayar da turmi a ci 4. Kofin Davis, gasar ƙasashe da aka fara a 1900, ya koma turmi 3 a 2019 ƙarƙashin yarjejeniya da kamfanin Kosmos na Gerard Piqué. Yarjejeniyar ta shekara 25 ce, amma ta rushe a farkon 2023, bayan an raba magoya baya da yawancin wasannin gida da waje da suka saba. Darasin a fili yake: gajarta wasa kaɗai ba ya kawo 'yan kallo. Kuma gwargwadon gajartarsa, gwargwadon yadda sa'a ke shiga, domin kuskure biyu sun isa su kayar da gwani kafin ya farfaɗo. Gajartawar ba ta kuma magance wasan tsakar dare ba: a Australiya a 2023, Andy Murray da Thanasi Kokkinakis sun tashi bayan ƙarfe 4 na asuba. Wannan laifin jadawali ne, ba na lissafin maki ba.

A Khartoum da Omdurman tambayar ta sha bamban. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa harkar wasanni, har Al-Hilal da Al-Merrikh suka koma buga gasar Mauritaniya a kakar 2024 zuwa 2025. In ƙwallon ƙafa mai gata ya yi gudun hijira, ina ga tanis? Ranar da za a sake share filaye, za a tarar da su kaɗan, yara da yawa, ga zafin watan Mayu da ke wuce digiri 40, wanda ba ya barin wasa sai da sassafe ko bayan la'asar. A irin wannan hali, turmi mai ci 4 da raba gardama na maki 10 rahama ne: fili ɗaya zai ɗauki wasanni da dama kafin magariba, ba yaro biyu su mamaye shi ba. Haka lissafin yake a Kano da Maraɗi. Abin da aka ƙirƙira don talabijin da kasuwa, mu yana iya zame mana hanyar renon 'yan wasa.

Don haka ra'ayina shi ne a ba kowane mataki abin da ya dace da shi. A gajarta a ƙasa, inda fili da inuwa ke da tsada, a bar turmi 5 a ƙololuwa, inda ake gwada juriya. Yaron Omdurman da zai fara da ci 4 yana buƙatar ya ɗaga kai ya ga wasan da mutum ke faɗuwa turmi 2, ya tashi, ya ci. Garin da ke ƙoƙarin miƙewa bayan yaƙi ya fi kowa sanin darajar wannan kallo.