Gashin Naman Sallah: Abin da Ba a Koya Mana Ba Game da Wuta

Duk Babbar Sallah, da an gama feɗe rago, aikin wuta a kanmu yake faɗawa, mu samari da 'yan matan gida. Mu ne masu babbakar kai da ƙafa, mu ne masu gasa hanta da tsire a tsakar gida. A makaranta ma, in an gama jarrabawa, mukan yi karo-karo mu sayi kaji mu gasa a bayan ɗakin kwana. Yadda ake barbaɗa yaji da ƙuli-ƙuli kowa ya iya. Yadda ake hura wutar kuwa, kallo kawai muka yi muka kwaikwaya.

Kuskurenmu na farko fetur ne. Gawayi ya ƙi kamawa, sai ka ji wani ya ce, "Kai, tsiyayo kaɗan daga janareta." Tururin fetur ne ke kama wuta, kuma ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi yana yaɗuwa ba a ganinsa. Idan da garwashi ko ɗaya a ƙarƙashi, wutar na iya biyo fetur ɗin har cikin gorar da ke hannun mai zubawa. Ƙirare, tsohuwar takarda da mafici sun wadatar, sai dai a ƙara da haƙurin minti 10.

A ajiye mangal nesa da zana, igiyar shanya, janareta da tukunyar gas, da bokitin yashi a gefe. 'Yan'uwa mata, a ɗaure mayafi kafin a sunkuya, domin kitse na ɗiga wuta take tashi sama. Idan man suyar nama ya kama, kada a watsa ruwa. Rufe tukunyar za a yi da murfi.

A 'yan shekarun nan Sallar tana zuwa ne da damina, kuma da hadari ya haɗo sai mu ja mangal zuwa zaure ko ɗaki mu tura ƙofa. Wannan ya fi ba mu tsoro. Gawayi na fitar da iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri ne alamunta na farko, mutum ya ɗauka gajiyar aiki ce ya kwanta. Gara naman ya jira ruwa ya ɗauke.

Wanda ya ƙone, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ban da ƙanƙara. Man goge baki, ɗanyen ƙwai da manja da muka saba shafawa ba magani ba ne. Ƙuna mai faɗi sai asibiti. Idan wuta ta fi ƙarfinmu, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112.

Toka kuma tana ɓoye garwashi har wayewar gari. Mukan juye ta a gindin katanga mu tafi cin nama, alhali nan ne ƙannenmu ke guje-guje ba takalmi. A yayyafa mata ruwa, a juya da cebur, a sake yayyafawa har ta daina huci.