Boila ta mutu a tsakiyar hunturun Ingila: ina ya kamata hannunka ya tsaya?

Ka ɗauka ƙarfe shida ne na asuba a watan Janairu. Kana wani gidan haya a Bradford ko Coventry, wata huɗu ke nan da zuwanka karatun digiri na biyu. Ka buɗe famfo za ka yi alwala, ruwa ya zubo kamar daga firiza. Ka dafa radiyeta, wato faffaɗan ƙarfen nan na jikin bango da ke ɗumama ɗaki, ka ji shi sanyi ƙalau. Ka je kicin ka buɗe durowar da boila take, sai ga wani harafi da lamba suna ƙiftawa a fuskarta. Ka tura wa mai gida saƙo, shiru.

Na san abin da za ka yi. Waya za ka ɗauko. Kafin ruwan shayi ya tafasa ka kalli bidiyo uku a YouTube da biyar a TikTok, kowane da mutum riƙe da sukuddireba yana cewa minti biyu ne aikin. Mu kuma da muka tashi da janareta kowa ɗan ƙaramin bakanike ne. Wa bai taɓa kwance fulogi ya goge ba? Wa bai taɓa hura kafireto ba? Halin nan ya fitar da mu kunya ba sau ɗaya ba, ba na kushe shi. Sai dai janareta a tsakar gida take, boila kuwa tana ƙona gas ne a cikin rufaffen gidan da kake kwana. Akwai abin da ya dace ka yi da hannunka, har zai hutar da kai kwana biyu na rawar ɗari. Akwai kuma wanda taɓa shi ganganci ne. Ko kana can, ko kana shirin tafiya, ko ƙanwarka ce ke can tana kiranka a WhatsApp, yana da kyau ka san inda iyakar take.

Fara da sanin me ke cikin akwatin. A yawancin gidajen haya za ka tarar da irin wadda suke kira kombi, mai yin aiki biyu: ruwan zafi na famfo da ɗumama ɗakuna. Gas na shigowa ta bututu daga titi, ya bi ta mita, ya ƙone a wani rufaffen ɗaki a cikin boilar. Zafin ya kama ruwa, wani ɗan famfo ya riƙa zagayawa da ruwan cikin radiyetocin gidan, fanka kuma ta tura hayaƙin waje ta bututun da ya huda bango. Na'urori masu lura suna bin kowane mataki. Da zarar ɗaya ta ga abin da bai yi mata ba, sai boilar ta kulle kanta. Saboda haka lambar nan da ke ƙiftawa ba iskanci ba ne, kariya ce. Ta ƙi ci gaba ne don kada ta yi ɓarna.

Kafin ka zargi boila, duba abubuwan da mutum kan ji kunyar faɗa. In mitar gidan irin ta katin da ake lodawa ce, kuɗin ne ya ƙare? Kunna murhun girki ka gani, in shi ma babu gas, to matsalar ba ta boila ba ce. Fuskar boilar tana da haske kuwa, ko wani ne ya kashe makunnin bango ya ɗauka na fitila ne? Na'urar daidaita zafi da ke falo sau da yawa batir take amfani da shi, in ya mutu ba za ta ba boila umarni ba. Akwai kuma agogon da ke kunna ta da kashe ta. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Birtaniya, tsofaffin na'urori kuma ba sa gyara kansu.

In duk waɗannan lafiya lau, dubi gejin matsin ruwa. Wani ɗan agogo ne mai allura, ko lamba a allon. Idan radiyetoci sun huce, ya kamata allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗo ƙasa sosai, boila ba za ta tashi ba. Kowane kamfani da yarensa: Vaillant kan nuna F22, Baxi E119, Ideal kuma F1, duk maganarsu ɗaya, ruwa ya yi ƙasa. Kada ka yi aiki da lambar da ka gani a bidiyon wata boila daban. Nemi littafin taka, in babu a gidan rubuta sunanta da samfurinta a intanet, kamfanonin suna ajiye su kyauta.

Ƙara ruwan aiki ne da littafin kansa ke koya wa mai amfani. A ƙarƙashin boilar akwai ɗan bututu, sau da yawa mai saƙar azurfa, da ƙananan makunnai ɗaya ko biyu. Ka kashe boila, ka bari ta huce, ka buɗe a hankali idonka na kan allura, da ta kusa 1.5 ka rufe ruf. A nan ne zumuɗi ke kayar da mutane. In ka sake ta wuce, a wajen 3 wani bawul na kariya zai buɗe ya riƙa zubar da ruwa ta bayan gida, wani lokacin ma ya ƙi komawa ya rufe da kyau. Kuma tunda gidan haya ne, tura wa mai gida ko ejan saƙo tukuna, wasu sun yarda ɗan haya ya yi, wasu ba su yarda ba. In ba ka tabbatar wane makunni ne na ruwa ba, bar shi. Bututun gas ma a wurin yake.

Ga abin lura: ƙara ruwa sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai ba ne. Amma in duk sati sai ka ƙara, to akwai inda yake yoyo, ko wani abu ya lalace a ciki. Ci gaba da ɗurawa ba gyara ba ne. Ruwan da ke zagayawa yana da maganin hana tsatsa, sabon ruwa kuma tsarma shi yake yi.

Sai matsalar da ta fi yawa a ranakun da sanyi ya kai intaha. Tun 2005 doka a Ingila da Wales ta sa kusan duk sabuwar boilar gas ta zama irin mai tatse zafi daga hayaƙinta, abin da ke haifar da wani ɗan ruwa da ke fita ta farin bututun roba zuwa magudana. In bututun ya bi ta waje, ruwan kan daskare ya toshe shi, boila ta riƙa wani ƙugi kamar mai kurkurar baki, sannan ta kulle. Haka ya faru a gidaje da yawa a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, lokacin guguwar sanyin da suka yi wa laƙabi da Beast from the East. Maganin ba wuya: ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, ka zuba a jikin bututun daga waje har ƙanƙarar ta narke. Tafasasshe na iya fasa robar. In bututun yana sama inda sai da tsani, haƙura. Ka kuma kula da ruwan da ya zube a ƙasa, nan da nan yake zama santsi.

Radiyetar da ƙasanta ke da zafi samanta sanyi, iska ce ta taru a ciki. Ɗan makulli mai araha da tsumma sun isa. Ka sassauta, iska ta fita da "fiii", da ruwa ya leƙo ka ɗaure, ka koma ka duba geji.

Maɓallin Reset kuma, danna shi sau ɗaya bayan ka gyara abin da ka gani. In ta sake kullewa, to ta faɗa maka gaskiyarta. Masu danna shi sau goma suna tilasta wa na'urar yin abin da ta ƙi yi ne don kare su.

Daga nan fa aikinka ya ƙare, iyakar kuwa a fili take: murfin boila. A yawancin na zamani, murfin nan ba ado ba ne, yana cikin abin da ke raba ɗakin ƙona gas da iskar da kake shaƙa. Ka kwance shi, ka mayar, robar gefe ta ɗan goce, ido ba zai nuna maka ba. Boila za ta tashi, ɗaki ya yi ɗumi, ka ɗauki hoto ka ɗora a sitatus kana jin kai injiniya ne. Mai sana'ar kuwa bayan ya rufe sai ya sa na'ura a bututun hayaƙi ya auna yadda gas ke ƙonewa. Na'urar nan ba ka da ita, kuma bidiyon minti biyu ba ya kaiwa wurin.

Abin tsoron shi ne kabon monoksaid. Mu ba baƙonmu ba ne, shi ne ke cikin hayaƙin janaretan da muke jin ya hallaka iyali guda cikin dare, shi ne a kaskon gawayin da ake kwana da shi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ba shi da launi, ba shi da wari. Yana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu. Warin da kake ji in gas na yoyo wani sinadari ne aka zuba masa da gangan, shi wannan babu mai zuba masa komai. Alamominsa kuma mayaudara ne: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, numfashi sama-sama. Ɗalibi sai ya ce mura ce ko gajiyar karatu, ya sha farasitamol ya ja bargo. Ka lura da abu biyu. Kana jin sauƙi in ka fita, ya dawo in ka shigo gida? Abokan zamanka su ma suna kukan ciwon kai a lokaci guda? In haka ne, ku fita. A jikin na'ura kuma, harshen wuta rawaya mai lilo maimakon shuɗi tsayayye, ko baƙin tabo a kewayen boila, duk gargaɗi ne.

Dokar ƙasar ma a gefenka take, abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Ƙarƙashin ƙa'idojin gas na 1998, duk mai yin aikin gas a matsayin sana'a dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Hukumar HSE na gurfanar da masu yi ba rajista, an ci wasu tara, an ɗaure wasu. Mai gida kuma wajibi ne ya sa a duba kayan gas duk shekara, ya ba sabon ɗan haya takardar kafin ya tare, wanda ke ciki kuma cikin kwana 28 da dubawar. Tun 1 ga Oktoba 2022, a Ingila dole ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin zama da ke da irin wannan na'ura, ban da murhun girki. Gyaran ɗumama gida da ruwan zafi kuwa dokar haya ta 1985 ta ɗora shi a wuyansa. Wato in ka kwance boilar da hannunka, ka ɗauko wa kanka aikin da ba naka ba, in ta lalace kuma ka ba shi hujjar zaftare kuɗin ajiyarka.

Nan ne "akwai wani ɗan'uwa" ke shigowa. A kowane guruf ɗin 'yan gida akwai lambar wani mai hannu da ke gyara komai a rabin kuɗi. Yana iya zama mutumin kirki, gwani a famfo da fenti. Wannan bai sa ya zama mai aikin gas ba. Duk wanda ya zo, ko mai gida ne ya turo shi, ce masa ya nuna katin Gas Safe. Akwai hotonsa da lambar lasisi da ranar ƙarewa, a baya kuma an jera irin aikin da aka yarje masa, don mai izinin murhu ba lallai yana da na boila ba. Kana iya duba lambar a shafinsu. Na san kunya irin tamu, sai ka ga kamar ka raina mutum. Masu sana'ar sun saba, wanda ya ɓata rai don an tambaye shi kati ya riga ya amsa maka.

To mai gida ya yi shiru, sanyi kuma na cin ƙashi, ya za a yi? Rubuta masa, kada ka tsaya a kiran waya. Sa rana da lokaci, hoton lambar da ke allon, hoton geji, da abin da ka riga ka duba, ka kuma roƙi hita ta lantarki kafin a gyara. In ya ci gaba da sharewa, kai ƙara sashen gidaje na kansul ɗin yankinku. Ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗaliban jami'arku, da Shelter, da Citizens Advice duk suna taimakawa kyauta. Kada ka riƙe kuɗin haya don fushi ba tare da ka nemi shawararsu ba, yana iya juyewa a kanka. Kuma don Allah, kada a buɗe oven ko a bar murhu a kunne don ɗumama ɗaki, kada a shigo da gawayin gashi cikin gida. Ke ma mai turaren wuta, in garwashi ne, a buɗe taga.

In kuwa warin gas ka ji, babu maganar bincike. Kada ka kunna ko kashe makunnin lantarki, kada ka ƙyasta ashana. Buɗe ƙofofi da tagogi. Kusa da mita akwai hannun rufe gas, ka juya shi ya gitta bututun, sai dai in mitar tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, nan kada ka sauka. Fita waje ka kira 0800 111 999, layin gaggawa na gas a Ingila da Scotland da Wales, kyauta ne dare da rana. Haka in ƙararrawar kabon monoksaid ta yi kuka. In wani ya suma ko numfashinsa ya sarƙe, 999 za ka fara kira.

Yau da daddare, tun boilar tana aiki, je ka nemo inda mitar take da hannun rufe ta. Ɗauki hoton geji yadda yake a lafiyarsa. Danna maɓallin gwaji na ƙararrawar ka ji ko tana kuka. In ka duba babu ita a gidan, ko ba ka taɓa ganin takardar duba gas ɗin ba, saƙon da za ka tura wa ejan gobe da safe ke nan.