Maƙeran Panteka da Takardar Mallakar Ƙirƙira

A Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, babu irin ƙarfen da ba a sarrafawa. A nan ake ƙera injin niƙa, da na surfe, da na matsar man gyaɗa. Wani maƙerin yakan shafe watanni yana gyara haƙorin inji har ya daina fasa hatsi, amma kafin ya mayar da kuɗin ƙarfensa, rumfar da ke maƙwabtaka da shi ta fito da irinsa. Sai ya ce an sace masa fasaha, ya bar wa Allah.

Alhali akwai doka. Tun 1970 Najeriya take da dokar kare ƙirƙire-ƙirƙire da zane-zanen masana'antu. Wanda ya yi rajista yakan sami takardar da ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata, muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. In rigima ta taso, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraro.

Sai dai doka ba ta tambayar wa ya fara yin gumi. Wanda ya riga kai takarda shi ne mai haƙƙi. Kuma dole abin ya zama sabo fil, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina. A nan ne mutanenmu suke yin asara ba su sani ba. Maƙeri ya gama inji, murna ta kama shi, yaronsa ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook, ko ya sayar wa manoma goma. Shi ke nan, da hannunsa ya kashe sabuntar abin. Sassaucin da doka ta yi kaɗan ne: wata 6 ga wanda ya nuna kayansa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Magatakardan rajista a Najeriya yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce da gaske. Saboda haka takardar ba ta da ƙarfin da ya wuce na bayanin da aka rubuta a cikinta, kuma kotu tana iya soke ta. Aikin lauyan da ya san injiniyanci ke nan: ya bincika abin da aka riga aka yi a duniya, ya fayyace daidai wane sashe na injin ne sabo. In ya taƙaita bayanin, mai kwaikwayo zai sauya ƙusa ɗaya ya tsira. In ya faɗaɗa fiye da kima, takardar ta faɗi a kotu.

Takardar Najeriya kuwa iyakarta Najeriya. Mai sayar da injinsa a Maraɗi sai ya nemi kariya ta ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda Nijar take ciki.

Kuɗin lauya ya fi ƙarfin yawancin masu walda, wannan gaskiya ne. Amma hukumar NOTAP tana taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajista, ta kuma buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i da kwalejoji. Tunda malaman injiniyanci suna nan daf da kasuwar, a ganina ƙungiyar maƙeran ce ya kamata ta nemi a ware musu rana a kowane wata, malami da lauya su zauna a cikin Panteka, duk mai sabon abu ya kawo a duba a asirce kafin ya fitar da shi kasuwa.