Gyaran Daɓen Ɗaki Bayan Janyewar Ruwa

Maganarmu ta yau a kan daɓe take, watau abin da ƙafa ke takawa kullum amma ba a cika kula da shi ba.

Mutanen ƙasar Hadejia sun saba da ruwa tun kaka da kakanni. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogi ta sake, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A damunar 2020 da ta 2022 ambaliya ta shiga gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. In ruwa ya janye, akan duƙufa wajen gyaran bango da rufi, a bar ƙasan ɗaki yadda take. Wannan kuwa kuskure ne, gama laima daga ƙasa take tasowa, ta ci gindin bango, ta gayyato gara, ta ruɓar da tabarmar da yara ke kwana a kai.

A Turai, inda ake shimfiɗa katako a ɗaki, mai gida yakan kankare shi da kansa, ya shafa masa mai. Mu ma muna da namu aikin hannun, kuma ba ya bukatar magini.

Da fari, a yi haƙuri har iskar hunturu ta kaɗa. Mai son ya tabbata, ya kifa tasa a tsakar ɗaki ta kwana. In da safe ya ga raɓa a cikinta, to ƙasa ba ta bushe ba tukuna. Sa'an nan a farfasa tsohon daɓen da diga, a yi ciko har ɗaki ya ɗara tsakar gida tudu. Kada a yi da lakar fadama zalla, domin in ta bushe tsagewa take yi. A nemi jar ƙasa mai tsakuwa, a gauraya da yashi.

Sirrin aikin shi ne makuba, watau ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja wur. Inda ɗorawa ta yi wuya, bagaruwar da majema ke aiki da ita takan taimaka. Ana yayyafawa ana bugu da madaɓi, daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa, a bari ya sha iska, kashegari a maimaita, har ƙasa ta daina nuna sawu. Daga ƙarshe a goge da dutse mai santsi. Iyayenmu mata gayya suke yi wa wannan aiki, musamman in za a kawo amarya, suna bugu suna waƙa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya zaɓi siminti ma bai tsira daga wannan ƙa'ida ba. In ya zuba shi a kan ɗanyar ƙasa wadda ba a daddaɓe ba, ƙasar za ta zauna, simintin ya dare, kuɗi su tafi a banza. Saboda haka, ya ɗan'uwa, ka fara da busarwa da ciko, ado ya biyo baya.

Allah ya kiyashe mu sharrin ambaliya, ya ba mu damuna mai albarka.